Kamun tirawut a Kogin Madison idan kaka ta yi

Daga tsakiyar watan Satumba, idan dare ya fara tsawo kuma raɓa ta fara daskarewa a kan ciyawa kafin gari ya waye, manyan kifayen tirawut, wani irin kifin ruwan sanyi, da suka shafe watannin zafi a cikin Tafkin Hebgen da ke jihar Montana ta Amurka sukan bar tafkin su kama hanyar Kogin Madison, suna hawa sama har cikin gandun dajin Yellowstone. Ba neman abinci ne ya fito da su ba, domin tafkin ya fi kogin wadata. Lokacin zuba ƙwai ne ya gabato, kuma tirawut mai launin ruwan ƙasa ba ya zuba ƙwai sai a kan tsakuwa mai tsabta wadda ruwa mai sanyi yake gudana a kanta. Wannan hijira ita ce take tara masu fatsa daga kusa da nesa a garin West Yellowstone duk shekara, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin kaka ta fi kowane lokaci daɗin kamun kifi a wannan kogi, ta kuma fi kowane lokaci bukatar mutum ya san inda zai sa ƙafarsa.

Salon fatsar da ake yi a nan ya bambanta da wanda yawancinmu muka tashi muka gani. Babu tana, babu dalmar da za ta ja zare ƙasa. Ƙugiya ce ake yi wa ado da gashin tsuntsu da na dabba, a naɗe da zare mai laushi, har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Da yake wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyin da za a iya jefa shi da shi, sai aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Igiyar tana da kauri da santsi, mai fatsa yana kaɗa ta baya da gaba a cikin iska da sanda mai tsawon ƙafa 9, har ta miƙe ta sauka a kan ruwa, ƙwaron yana biye da ita a ƙarshen wani siririn zare da ido ba ya gani sosai. A ɓangaren Madison da ke cikin gandun, doka ba ta yarda da wani salo ba sai wannan. Dole a danne ɗan kunnen da ke hana ƙugiya zarewa, an haramta dalma, kuma duk tirawut mai ruwan ƙasa ko mai zanen bakan gizo a jikinsa da aka kama, sai an sake shi. Tun shekarar 2018 ma aka hana shiga ruwa da takalmi mai tafin ulu, saboda ulun yana riƙe danshi ya ɗauki ƙwayoyin cuta daga wannan kogi zuwa wancan.

Madison yana farawa ne a inda ƙoramun Firehole da Gibbon suka haɗu, kimanin kilomita 23 ta hanyar mota daga ƙofar yamma ta gandun. Daga nan yana tafiya kusan kilomita 295 kafin ya haɗu da kogunan Jefferson da Gallatin a kusa da garin Three Forks, inda ukun suke zama Kogin Misuri. Ayarin masu binciken ƙasa na Lewis da Clark ne suka sa masa suna a 1805 don girmama James Madison, wanda a lokacin shi ne sakataren harkokin wajen Amurka. Abin da ya fi shafar mai fatsa a duk wannan shi ne Firehole, domin ita ce take ratsa yankin maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone, kuma tana kwaso ɗumin ta zuba a Madison. A Yuli da Agusta wannan ɗumi yakan yi yawa, kifi ya galabaita, hukumar gandun ta taƙaita kamun kifi ko ta rufe shi gaba ɗaya. A sauran kogunan Montana ma akwai ƙa'ida makamanciyar wannan: idan zafin ruwa ya kai kusan digiri 23 a ma'aunin Selshiyos kwana uku a jere, akan hana fatsa daga ƙarfe biyu na rana zuwa tsakar dare. Amma da zarar kaka ta shigo, ɗumin da ya zama matsala a lokacin zafi sai ya zama alheri, domin yakan riƙe ruwan a daidai yanayin da kifi yake da kuzari, alhali wasu ƙoramun da ke kan tudu sun fara yin sanyin da ke sa kifi kasala.

Abin mamaki shi ne kifin da ake yi wa duk wannan tattali baƙo ne. Tirawut mai ruwan ƙasa ɗan Turai ne; a 1883 aka kawo ƙwansa Amurka daga Jamus, aka fara sakin 'ya'yansa a wani kogi na jihar Mishigan a 1884, sannan ya iso ruwan Yellowstone a 1890. Mai bakan gizo kuwa daga gaɓar yammacin Amurka aka kawo shi. 'Yan asalin kogin, wato wani irin tirawut mai jan zane a ƙarƙashin muƙamuƙi da wani kifi mai doguwar ƙayar baya kamar tuta, baƙin sun ture su har suka kusa ɓacewa daga nan, sai farin kifin duwatsu ne kawai ya jure. Tafkin da kifayen suke ƙiba a cikinsa shi ma aikin hannun mutum ne, domin madatsar Hebgen ce ta haifar da shi a wajen 1914. Saboda haka idan na ji wani yana yabon wannan hijira a matsayin abin da ya wanzu tun fil'azal, nakan yi shiru kawai. Abin da ya cancanci yabo a gaskiya shi ne shawarar da Montana ta yanke a 1974. Wani masanin kifi na jihar mai suna Richard Vincent ya gwada daina zuba kifin gidan gona a wani yanki na Madison kusa da garin Ennis, sai ya ga kifin da ke haihuwa da kansa a kogin ya ƙaru sosai maimakon ya ragu. Bisa wannan sakamako jihar ta daina zuba kifin gona a kogunanta. Ma'anar wannan ita ce, duk tirawut ɗin da mutum zai kama a Madison yau, a cikin tsakuwar kogin ko ta ƙoramunsa aka ƙyanƙyashe shi, kuma babu wata tankar kifi da za ta zo ta cike giɓi idan ƙwan wata shekara ya lalace.

Kamun kifin hijira aikin asuba ne. West Yellowstone yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,000, kuma a Oktoba ba abin mamaki ba ne mutum ya fito bayan sallar asuba ya tarar da gilashin mota ya daskare, ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya. A bakin kogin akan ga tururi yana tashi daga kan ruwa saboda ruwan ya fi iska ɗumi. Bayan jifa kaɗan, ɗigon ruwan da igiya ta kwaso yakan daskare a cikin ƙananan zobban da ke jikin sanda har igiyar ta ƙi wucewa, sai mutum ya tsoma sandar cikin kogi ya kaɗa ta don ƙanƙarar ta narke, ko ya fasa ta da farce yatsunsa suna zogi. Wandon roba mai kaiwa ƙirji yana hana jiƙewa, amma ba ya hana sanyi ratsa gwiwa.

Wuraren da aka fi sani suna kusa da ƙofar yamma, musamman zurfafan wuraren kogin da ake kira Barns, inda a da ake da rumfunan dawakin da ke jan kekunan 'yan yawon buɗe ido, sai kuma fadamar Beaver Meadows da ke ƙasa da su, da Baker's Hole a daidai iyakar gandun. A Barns akwai wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba amma kowa yana bin ta. Ba a tsayawa wuri ɗaya a kafa sansani. Mutum yakan shiga ta saman zurfin, ya yi jifa, ya bar igiya ta kammala zagayenta, ya taka ƙasa taki ɗaya ko biyu, ya sake jifa, haka har ya kai ƙarshe ya fito, sannan ya koma bayan layi. Wanda ya kama kifi yakan fita ya ba na bayansa wuri. Yawancin masu wannan layi dattawa ne da suka san juna shekara da shekaru, kuma baƙon da ya faɗa tsakiyar layi ko ya shiga ta gaban wani ba za a yi masa faɗa ba, sai dai wani daga cikinsu ya matso ya ce masa a hankali, "Ɗana, daga can sama ake farawa." Ina son wannan tsari, domin yana ba kowa rabonsa a ruwa mafi kyau, ba tare da wanda ya riga zuwa ya mallake shi har rana ta take ba.

Yadda ake jifan shi ne a jefa ƙwaron zuwa ɗaya gaɓar, a ɗan karkata ƙasa, sannan a bar ruwa ya ja igiyar ta yi baka, ƙwaron yana ratsa kogin a hankali ta gaban hancin kifayen da suke hutawa a ƙasa. Ƙwarin da ake amfani da su iri biyu ne. Akwai masu laushin gashi, waɗanda ake yi wa wuya da gashin makwarwar Turai, gashin yana buɗewa yana rufewa a cikin ruwa tamkar abu mai rai. Akwai kuma manya masu kama da ɗan kifi, irin su Woolly Bugger da wani mutumin jihar Pennsylvania mai suna Russell Blessing ya ƙirƙira a 1967. Namijin tirawut a wannan lokaci yakan sake kama: cikinsa ya yi launin man shanu, jajayen ɗigon jikinsa su ƙara fitowa, muƙamuƙinsa na ƙasa ya lanƙwashe ya zama kamar ƙugiya. Ba ya cin abinci sosai, amma ba ya haƙuri da duk wani ƙaramin kifi da ya gifta ta gabansa, saboda haka yawancin cizon da yake yi na zafin rai ne, ba na yunwa ba. Shi ya sa cizon ba ya zuwa da sallama. Mutum yana tsaye hankalinsa ya tafi wani wuri, sai ya ji an fizgi igiya kamar za a ƙwace sandar. Abin da ya fi wuya a koya shi ne kada a ɗaga sanda nan take; a bar kifin ya juya da ƙwaron, nauyinsa ne zai kafa ƙugiyar. Kifayen Hebgen sukan kai tsawon santimita 40 zuwa 50, wasu su wuce haka, kuma masu bakan gizon da suke biyo su sun fi su tsalle da gudu.

Ranar da sama ta yi garau rana ta haska, wadda 'yan yawon buɗe ido suke murna da ita, ita ce mafi munin rana ga mai fatsa, domin kifin yakan lafe a ƙasa da zarar haske ya bugi ruwa. Ranar hadari da yayyafi ko dusar ƙanƙara ita ake fata. A irin wannan rana sababbin kifaye sukan taso daga tafki, kuma da azahar wasu ƙananan ƙwarin ruwa masu shuɗin fiffike sukan fito su rufe kan kogin, kamar yadda gina take fitowa bayan ruwan farko. Ƙwarin ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kuma sanyi yana hana fikafikansu bushewa da wuri, saboda haka sukan daɗe suna yawo a kan ruwa kafin su tashi. Nan sai a canja komai: a cire babban ƙwaro, a ɗaura zare siriri kamar gashin kai, a sa ƙugiya mai lamba 20 ko 22, wadda sai an kanne ido ake iya zura mata zare da yatsun da sanyi ya kangarar. Aikin kuma ya koma na lallami, domin dole ƙwaron ƙarya ya tafi daidai da gudun ruwa ba tare da igiya ta ja shi ko kaɗan ba. Idan ya bar ɗan layi a bayansa, kifin zai ƙyale shi ya ɗauki na gaskiya da ke gefensa.

Mutum ba shi kaɗai ba ne a bakin kogin. Lokacin barbarar manyan barewar dajin ne, ana jin kukan mazansu tun kafin fitowar rana, ɓaunar Amurka tana kwance a kan turbar da ake bi, beyar kuma tana neman ƙiba kafin barcin hunturu. Dokar gandun ta ce a bar tazarar yadi 100 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, yadi 25 tsakaninsa da sauran dabbobi, kuma mai hankali ba ya shiga Beaver Meadows ba tare da gwangwanin feshin barkonon korar beyar a ƙugunsa ba.

Daga tsakiyar Oktoba al'amarin yakan canja, kuma a nan ne nake rabuwa da wasu abokan fatsa. Kifayen sukan bar zurfi su hau kan tsakuwa a wuraren da ruwa bai wuce gwiwa ba, musamman a wutsiyar zurfi inda ruwa yake fara sauri, da kuma ƙananan rassan da suke zagaye tsibiri. Macen takan kwanta a gefenta ta riƙa dukan ƙasa da jela, ruwa yana kwashe laka da yashi, har ta haƙa gurbi. Ta zuba ƙwai, namiji ya zuba maniyyinsa a kai, sannan ta matsa gaba kaɗan ta sake haƙa, tsakuwar da ta taso ta rufe ƙwan da ke baya. Mace takan ɗauki ƙwai kimanin 2,000 a kowane kilo na nauyinta. Gane gurbin ba shi da wuya ga wanda aka taɓa nuna wa: ƙasan kogin duk ya yi duhu da gansakuka, sai a ga wani fili mai haske, faɗinsa kamar na ƙaramin tebur, tsakuwarsa fes kamar an wanke, da ɗan rami a gaba da ɗan tudu a baya. Ƙwan yana cikin tudun nan, kuma zai zauna a wurin duk tsawon hunturu kafin 'ya'yan su fito. Wani bincike da aka wallafa a 1992, wanda masana a Montana suka gudanar, ya nuna cewa taka gurbi sau ɗaya kawai daf da ƙyanƙyasa yana iya kashe har kashi 43 cikin ɗari na ƙwan, taka shi sau biyu kullum kuwa yana iya kashe kashi 96. Matsalar ita ce wutsiyar zurfi ita ce wurin da ya fi sauƙin ƙetarewa, wato daidai inda ƙafa take son bi nan ƙwan yake.

Kifin da ke kan gurbi ana ganinsa ƙuru-ƙuru, babba ne, kuma ba ya gudu, domin abin da ya kawo shi ya fi ƙarfin tsoronsa. Duk wanda ya riƙa jan ƙwaro ta gabansa zai sa shi cizo, ko ƙugiyar ta kama shi a baya ko a jela. Yawancin hotunan manyan kifaye masu launin zinariya da suke yawo a Instagram a ƙarshen kaka, ina zargin a irin wannan wuri aka samo su. Masu yin haka suna da hujjarsu: doka ba ta hana ba, kifin ana sake shi, kuma yawan kifin kogin bai ragu ba duk da shekarun da aka yi ana kamun kaka. Wasu ma sukan juyo da tambayar kaina, su ce ai kifin da nake kamawa a zurfi a farkon Oktoba shi ne dai wanda zai hau tsakuwa bayan mako biyu, to mene ne bambancin? Tambayar tana da nauyi, kuma ban ɗauki kaina mai tsarki ba a wannan harka. Amma ina ganin bambancin a fili yake. Kifin da ke zurfi yana da ƙarfinsa, yana da zaɓin ya ƙyale ƙwaron, kuma sau da yawa ƙyalewar yake yi. Wanda ke kan gurbi ya riga ya rame, macen tana iya zubar da ƙwanta a cikin koma ko a hannun wanda ya kama ta, mai fatsar kuma yana tsaye ne a kan gurabun wasu yayin da yake fama da ita. Babu gwaninta a cikin kamun, kuma ɓarnar ba a jikin kifi ɗaya take tsayawa ba. Akwai wata dabara ta tsakiya, wato a sa ƙwaro mai kama da ƙwai a zurfin da ke ƙasa da gurabun don kama masu bakan gizo da suke jiran ƙwan da ruwa ya kwaso. Ban ce haramun ce ba, amma tana jawo ƙafafu kusa da inda bai kamata su je ba, shi ya sa na bar ta.

Wannan kogi ya sha nuna cewa yawan kifinsa ba abin dogaro ba ne. A ƙarshen 1994 aka gano wata cuta mai lalata guringuntsin 'ya'yan kifi har su riƙa juyawa a wuri ɗaya, kuma a wasu sassan Madison masu bakan gizo sun ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari kafin su farfaɗo a hankali. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani ƙarfe ya karye a ƙofar madatsar Hebgen, ruwan da ke fita ya ragu ƙwarai cikin ɗan lokaci, rassan kogin da ke ƙasa da madatsar suka ƙafe daidai lokacin da ƙwan masu ruwan ƙasa yake cikin tsakuwa. Mutanen yankin sun fito da bokitai suna kwashe kifayen da suka maƙale suna mayar da su ruwa, kuma abin da jami'ai suka riƙa roƙon masu taimakon shi ne su kula kada su taka gurabun. A da, rufe kamun kifi a gandun a farkon Nuwamba yakan ba kifayen hutu a tsakiyar zuba ƙwai. Daga Nuwamban 2024 aka bar ɓangaren ƙasa na Madison, daga iyakar jihohin Wyoming da Montana zuwa bakin gandun, a buɗe duk shekara. Wannan ya yi wa mazauna garin daɗi, ni ma ban ƙi ba, sai dai ya ɗauke nauyin daga kan doka ya ɗora shi a kan idon kowane mai shiga ruwa.

Ko a zurfi aka kama kifin kaka, yadda aka riƙe shi yana da tasiri. Zare mai ƙarfi ya fi, domin yana ba da damar a jawo kifin da wuri kafin ya ƙare ƙarfinsa. A sa shi a koma mai ragar roba, a bar shi cikin ruwa, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kada a matse cikin mace, kuma idan iska ta kai sanyin daskarewa kada a ɗaga shi sama ko don hoto, saboda matsefin numfashinsa yana iya daskarewa cikin daƙiƙoƙi. Ƙugiyar da aka danne wa kunne takan fita da ɗan juyi ɗaya.

A makon ƙarshe na Oktoba, idan fararen filaye sun yawaita a ƙasan Madison, nakan bar wa kifayen Hebgen kogin in hau Firehole, sama da gangaren ruwan da masu hijira ba sa iya haurawa. Kifayen can ƙanana ne, yawanci ba su wuce santimita 30 ba, kuma da yawansu masu bakan gizo ne da suke cin ƙwari a kan ruwa da rana tsaka. Can ma akwai gurabun masu ruwan ƙasa na wurin, saboda haka daga gaɓa nake yawancin jifana, kuma a gaɓar ma sai an duba, domin kusa da maɓuɓɓugan zafi ƙasar ɓawo ce kawai a kan tafasasshen ruwa. A farkon Nuwamba ake rufe hanyar ƙofar yamma ga motoci, ba a sake buɗe musu ita sai a watan Afrilu.